Neman Wurin Motsa Jiki a Jibiya

Wani ɗan'uwa a cikin Ubangiji, ma'aikaci da aka yi wa canjin aiki daga Kaduna zuwa bakin iyakar Magama, ya tare mu a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, ya ce, "Malam, don Allah a ina ne gidan motsa jiki a garin nan? Likita ya ce jinina ya hau, in ban rage tumbin nan ba akwai magana." Mu da dattawan da ke tsaye muka yi dariya, amma da muka koma gida sai maganar ta tsaya mana a rai, domin ba shi kaɗai ba ne.

Jibiya gari ne na noma da fatauci, kimanin kilomita 45 daga Katsina a kan hanyar Maraɗi. Manomi da ke kaftu a gona, ko ɗan dako da ke sauke buhuna ranar Lahadi da kasuwa ke ci, ba ya bukatar a koya masa motsa jiki. Amma dubi kujerun majami'unmu. Da yawanmu malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da masu kayan sarki, da direbobi, da masu shaguna, waɗanda ke wuni a zaune su kuma hau babur ko da za su sayo gishiri ne. Hawan jini da ciwon sukari kuwa ba sa yin sallama kafin su shigo.

To, sai muka shiga gari nema. Abin da muka fara tararwa shi ne samari a bayan wani gida, sun cika gwangwanaye da siminti sun soka musu ƙarfe a tsakiya, suna ɗagawa da yamma. Ba allo a ƙofa, ba rajista, sai dai sanayya. Mun yaba da himmarsu, amma ba mu ba mai hawan jini shawarar ya fara daga nan ba, domin ɗaga nauyi tare da riƙe numfashi yana ƙara hawar da jini. Sai filayen makarantu, inda ake buga ƙwallo bayan la'asar. Nan ma wuri ne mai kyau, in aka nemi izinin hedimasta, kuma dattijo zai iya zagaya gefen fili da sauri alhali yara suna wasansu. Wanda ya nace sai injuna, sai ya shiga mota zuwa Katsina, inda kuma filin wasa na Muhammadu Dikko yake. Amma wa zai iya biyan kuɗin motar nan sau uku a mako?

A da, wasunmu kan tsallaka Maraɗi kallon kokawa, wadda 'yan Nijar suka mayar gasar ƙasa tun 1975, ana ba zakara takobi. Rufe iyaka da aka yi a watan Agusta 2019, wadda a Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilu 2022, da kuma rufewar 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sun koya mana kada mu rataya lafiyarmu a kan abin da ke hayin iyaka.

Akwai wurare biyu da muke roƙon 'yan'uwa su yi hattara. Na farko, madatsar ruwan Jibiya. Ba a yi ta don iyo ba, ruwan kwance kuma yana iya sa tsargiya, ban da haɗarin nutsewa. Na biyu, gudun asuba a hanyoyin bayan gari. Duk mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma a shekarun baya. Mai son fita ya jira gari ya waye, ya tsaya cikin gari, ya tafi da abokin tafiya, katin shaida kuma yana aljihu, gama mutum mai gudu a kusa da shingen jami'an tsaro yana iya shan tambaya.

Daga ƙarshe, abin da muke nema ashe yana harabar majami'a. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Gilasgo a 1883, tun farko ta haɗa fareti da koyon Littafi Mai Tsarki. 'Yan Zumuntar Mata kuwa, duk wanda ya ga yadda suke rawa da tuluna da kacau-kacau na sa'a guda ya san ba wasa ba ne. Matsalar ita ce iyaye maza, waɗanda ke ganin fareti na yara ne, rawa ta mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya magana. Manzo Bulus ma, da yake fifita ibada a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, bai ce horon jiki banza ba ne.

Saboda haka muka kai maganar gaban dattawa, aka yarda a riƙa buɗe harabar da ƙarfe shida na safe ranakun Talata, Alhamis da Asabar. Ana yin gajeriyar addu'a, a miƙe gaɓoɓi, sa'an nan a zagaya. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya takan zo da abin awon jini ranar Asabar, ta kuma hana wanda awonsa ya yi sama sosai shiga layi sai ya ga likita. A makon farko mutum bakwai suka zo, biyu da dogayen riguna da takalman zuwa ofis. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya leƙo ta katanga ya tambaya ko an karɓi baƙo, muka ce ƙofa a buɗe take. Ɗan'uwan nan na Magama kuwa, shi ne yanzu mai riƙe da mabuɗi.