Daga Jami'a Zuwa Gasar Ƙwararru: Me Ya Sa Masu Horarwa Ke Tuntuɓe A Amurka?

A ranar 8 ga watan Janairun 2024, Jami'ar Michigan ta doke Jami'ar Washington da ci 34 da 13, ta lashe kofin jami'o'i na ƙwallon Amurka, wato wasan nan mai kama da zari-ruga. Ba a yi makonni uku ba sai mai horar da 'yan wasanta, Jim Harbaugh, ya ajiye aiki, ya karɓi ragamar ƙungiyar Los Angeles Chargers da ke gasar ƙwararru ta NFL.

Mai son ƙwallo a Sara ko Birnin Kudu zai iya mamakin yadda babbar ƙungiya za ta nemi koci a makaranta. A Najeriya dai 'yan wasan da ke shiga ƙungiyoyi irin su Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars galibi daga filayen unguwa suke fitowa, ba daga wasannin jami'o'i na NUGA ba. A Amurka kuwa jami'a ce babbar ƙofa. Sai matashi ya yi shekaru uku da gama sakandare kafin NFL ta ɗauke shi, kuma akasari a jami'a yake yin waɗannan shekaru. Filin wasan Michigan kaɗai yana cin mutane fiye da dubu 107.

Sai dai suna a jami'a ba ya sayen nasara a NFL. Mutane uku ne kacal suka taɓa haɗa kofin jami'o'i da kofin Super Bowl a matsayin manyan masu horarwa: Jimmy Johnson da Barry Switzer, dukkansu da Dallas Cowboys, sai Pete Carroll da Seattle Seahawks a 2014.

Waɗanda suka kwashi kashinsu a hannu sun fi yawa. Nick Saban, wanda ya yi ritaya da kofunan jami'o'i bakwai, ya yi kaka biyu a Miami Dolphins, ta 2005 da ta 2006, ya ci wasanni 15 aka cinye shi 17, sannan ya tattara ya koma Jami'ar Alabama. Na Urban Meyer ya fi muni. Ya isa Jacksonville Jaguars a 2021 da kofunan jami'o'i uku, amma aka sallame shi bayan wasanni 13, biyu kawai ya ci.

Babban dalili shi ne yadda ake samun 'yan wasa. Kocin babbar jami'a yakan bi gida-gida yana zawarcin zaratan matasa, saboda haka sau da yawa tun kafin a busa usur ya riga ya fi abokin karawarsa ƙarfi. A NFL an toshe wannan hanya da gangan. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a kakar bara ita ke fara zaɓen sabon ɗan wasa. Akwai kuma iyakar kuɗin albashi da ba a yarda kowa ya haura ba. Ke nan babu kanwar lasa, kowane mako sai an yi gumi.

Na biyu shi ne iko. A jami'a koci shi ne wuƙa shi ne nama, yana hulɗa da samari 'yan shekara 18 zuwa 22 waɗanda makomarsu ke hannunsa. A NFL zai tarar da magidanta masu ƙungiyar ƙwadago, wasunsu ma sun fi shi albashi, ga mai ƙungiya da babban manaja a samansa. Tsawar da ke ladabtar da ɗalibi ba lalle ta yi aiki a kan irin waɗannan ba.

To me ke fitar da su daga jami'ar? Tun daga watan Yulin 2021 aka bai wa ɗalibai 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu, kuma sauya makaranta ya yi sauƙi, don haka koci na fama da riƙe 'yan wasansa kowace shekara. Shi Harbaugh yana da ƙarin matsala: an dakatar da shi wasanni shida a kakar 2023, daga baya kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ƙaƙaba masa takunkumi na shekaru.

Amma shi ba baƙo ba ne a NFL, kuma a nan ya bambanta da Meyer. Ya buga gasar a matsayin ɗan wasa, har a Chargers ɗin kanta. A 2011 ya bar Jami'ar Stanford zuwa San Francisco 49ers, ya kai ta wasan ƙarshe a Fabrairun 2013, inda ƙungiyar yayansa John, wato Baltimore Ravens, ta doke shi da ci 34 da 31.

Chargers da ya gada ta ci wasanni 5 ne cikin 17 a kakar 2023. A kakarsa ta farko ta ci 11, ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda Houston Texans ta yi waje da ita a wasan farko da ci 32 da 12.