Tsagar titi kafin ta zama rami: lissafin kuɗi da na hayaƙi

Duk ma'aikacin da ke fitowa daga Masaka ko Mararaba da asuba domin ya isa Sakatariyar Tarayya ya san yadda rami yake samuwa. Da fari siririyar tsaga ce a fuskar kwalta. Idan damina ta sauka, ruwa ya ratsa ta ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da titin, tireloli su bi ta kai, sai wurin ya lotsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kan titi, ruwa ne ƙadangaren.

Hana wannan ɓarna yana cikin dalilan kafa hukumar FERMA a 2002, domin kula da titunan tarayya masu tsawon kimanin kilomita 35,000. Injiniyoyi suna da dabarun rigakafi da dama, kuma kowace da farashinta a baitulmali da kuma a iskar da muke shaƙa.

Mafi sauƙi ita ce liƙe tsaga: a share ta, a ɗura mata narkakkiyar kwalta. Kayan aikinta kaɗan ne, hayaƙinta kaɗan, sai dai ba ta daɗewa, kuma ba ta gyara titin da ya riga ya yi gargada. Ta biyu ita ce a fesa kwalta a watsa tsakuwa a kai, a bi da rola a danne. Idan aka yi amfani da kwaltar da aka gauraya da ruwa, ba a buƙatar dafa ta da wuta mai tsanani, don haka man da ake ƙonawa yana raguwa. Ta fi dacewa da hanyoyin da ba su da cunkoso, domin tsakuwar da ba ta kama ba takan fasa gilashin mota. Ta uku ita ce sabuwar shimfiɗa marar kauri. Ita ce mafi tsada, kuma ana dafa haɗinta a zafin da ya kai digiri 150 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, sannan a yi jigilarsa da manyan motoci masu shan dizal.

Wanda ya tsaya a ranar aiki kaɗai zai yanke hukuncin cewa ta ukun ce ta fi gurɓata iska. Amma lissafin bai ƙare a nan ba. Titi mai gargada yana sa mota ta ƙara shan mai, ga birki ga tashi, ga jerin gwano a bakin kowane rami. A hanyar da dubban motoci ke bi kullum, irin ta Abuja zuwa Keffi, man da shimfiɗa mai laushi za ta tsimi cikin shekaru yana iya zarce wanda aka ƙona wajen yin ta. A hanyar karkara kuwa, motocin ba su kai yawan da za su rama wannan hayaƙi ba, don haka feshi da tsakuwa ya wadatar.

Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ƙarin mai daga aljihun direba da fasinja yake fita. Ita ma ɗanyar kwalta akasarinta daga waje ake shigo da ita da dala, duk da arzikinta da ke kwance a jihar Ondo. Sake gina titi daga tushe yana cin ta ninkin-ba-ninkin abin da rigakafi zai ci. Ga kuma alkawarin da Najeriya ta ɗauka a taron Gilasgo na 2021, na daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060.

Sharaɗin rigakafi ɗaya ne: a yi shi titi yana da sauran ƙarfi, magudanan ruwansa a buɗe. Da zarar tushe ya ruɓe, duk abin da aka shafa a sama asara ce.

Matsalar ita ce ba a yanka kirtani domin an liƙe tsaga, shi ya sa kuɗin kula da titi kan zama na farko da ake zaftarewa. Mai rubuta wa minista ko ɗan majalisa takardar shawara zai taimaka idan ya nemi a nuna masa abu uku a kowace kwangilar gyara: shekarun da aikin zai ƙara wa titin, yawan motocin da ke binsa, da kuɗin da za a kashe idan aka jinkirta har damina biyu.