Idan Yaro Ya Ƙi Magana, A Kalli Wasansa

Ranar zubi, kafin a buɗe akwati, ki saurari hirar mata. Wata za ta ce, "Tun da aka yi mana rasuwa yaron nan ya koma fitsarin kwance." Wata ta ce, "Ni kuwa tun da aka yaye ta aka kai ta gidan kakarta, ta daina dariya." Amsar da aka saba bayarwa ita ce "yaro ne, zai manta", ko "sangarta ce, a zane shi". 'Yan uwa, yaro ba ya mantawa da sauri haka. Bakin faɗa ne ba shi da shi.

Mu nan arewacin Kano mun sani. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, aka rasa rayuka masu yawa, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. An yi wa manya ta'aziyya. To, amma yaran da suka tsira fa, da ƙannen waɗanda suka rasu? Kuma ba sai babbar musiba ba. Mutuwar aure, faɗan kishiyoyi, gobara, tafiyar yaya almajirci, duk suna zama a zuciyar yaro.

Babba idan abu ya dame shi yakan sami wanda zai gaya wa. Ɗan shekara huɗu ko shida ba zai iya cewa "ina tsoron ke ma ki mutu ki bar ni" ba. Sai ya faɗe shi da 'yar tsana. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano wannan. Wata 'yar Amurka, Virginia Axline, ta fitar da littafi a kansa a 1947. Hanyarta ita ce a ba yaro kayan wasa da wuri mai natsuwa, shi ya ja gaba, babba ya bi shi ba tare da gyara masa ba. Kafin ita, wata likitar yara a Landan, Margaret Lowenfeld, takan ba yara faranti cike da yashi da ƙananan mutum-mutumi su gina duniyarsu a ciki. Yashi dai ba ma saye, ga shi nan a tsakar gida.

Abin da ƙwararre yake yi sai da karatu da horo, ba za mu ce mun zama su ba. Amma akwai ɓangaren da kowace uwa za ta iya.

Ki ware kamar kwata ɗaya na awa, sau biyu ko uku a mako, a lokaci guda da yaro zai gane, misali bayan La'asar kafin a ɗora tuwo. Ki shimfiɗa tabarma. Ki ajiye abin da ke akwai: 'yar tsana ta kara, yumɓu, gwangwanin tumatir da aka daddale bakinsa, tsummoki, gawayin zane. Ki ce, "Wannan lokacinka ne, yi wasan da kake so." Daga nan sai abu mai wuya, wato kama baki. Kada ki ce "ba haka ake yi ba". Kada ki jera masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Ki riƙa faɗin abin da idonki ya gani kawai: "Na ga ka kwantar da ita ka rufe ta da zane." Idan ya ce, "Ta mutu ne," ki daure, kada ki ce "A'uzubillahi, daina wannan mugun wasa!" Ki ce, "Ta mutu. 'Ya'yanta suna kewarta ko?" Sai ki yi shiru ki ji.

Yaro zai iya binne 'yar tsanar nan sau goma a kwana goma. Ba fata yake wa kowa ba, abin da ya fi ƙarfinsa yake juyawa har ya zama daidai hannunsa. Sau da yawa za ki ga wasan ya fara sauyawa, an sami mai kawo abinci gidan makoki, ko 'ya'yan sun koma wajen goggonsu. Doka uku ce kawai: ba ya cutar da kansa, ba ya cutar da ke, ba ya fasa kayan gida. Idan ya ɗaga hannu zai doke ki, ki ce, "Na ga ranka ya ɓaci. Ni ba a dukana, amma ga yumɓu, murƙushe shi."

'Yan mata da samari kuwa sun wuce 'yar tsana, kuma idan kika zaunar da su ido cikin ido sai su sunkuyar da kai. Sun fi sakin baki idan hannu yana aiki: ana ɓarar gyaɗa, ana tsinkar zogale, ana kitso. Ga kuma kunya irin tamu, uwa ba ta ko kiran sunan 'yar fari, balle ta ji sirrinta. Babu laifi, a samo mata goggo ko inna ko kaka mai riƙe magana. A ƙasar Zimbabuwe, tun 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka yi ya nuna mutane suna samun sauƙi. Sharaɗin dai shi ne abin da yarinya ta faɗa kada ya zama hirar ranar zubi. Idan ta ji zancenta a bakin rijiya, shi ke nan, ba za ta ƙara faɗa wa kowa ba.

Akwai inda wasa da hira ba su isa ba. Idan an haura wata guda yaro ba ya barci, ba ya ci, yana ramewa. Idan yana faɗuwa yana kakkafewa. Idan yana jin muryoyin da babu su. Idan saurayi ya faɗa shaye-shaye, a je asibiti. A fara da na kusa, ma'aikacin lafiya zai tura ku gaba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, kuma ba ya hana addu'a. A haɗa duka biyun. Wanda kuwa ya ce ya gaji da rayuwa, kada a ɗauka barazana ce. A kulle fiya-fiya da maganin feshin gona, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar.

Idan wasan yarinya ko yaro ya nuna abin da ya shafi tsiraici wanda shekarunsa ba su kai ya sani ba, ko ya faɗa miki wani ya taɓa shi, kada ki doke shi, kada ki ƙaryata shi. Ki ce, "Ka kyauta da ka faɗa min, ba laifinka ba ne." Cibiyar Waraka da ke Kano an buɗe ta ne don irin wannan. A hanzarta, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin kwana uku.

Abin da ya fi hana iyaye tafiya shi ne kuɗin mota. A zama na gaba, shugaba ta kawo maganar gaban 'yan ƙungiya: shin asusun taimakon gaggawa, wanda muke taɓawa idan an yi haihuwa ko rasuwa, zai iya biyan kuɗin motar kai yaro asibiti? Idan an amince, magatakarda ta shigar da shi cikin dokokin ƙungiya. A littafi kuma a rubuta "rashin lafiyar yaro" kawai, ba sai an bayyana irin ciwon ba.