Tarihin Zango Na Cikin Adaka: Wa Zai Buɗe Masa Gida A Madina?

A shekarar 1959 ne Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci jama'arsa suka tashi daga ƙauyen Shiashie da ke dab da filin jirgin saman Accra, birnin da mutanenmu suka fi sani da Ankara, suka sare daji a arewacin gari suka raɗa wa wurin suna Madina. Bisa ƙidayar 2021, ƙaramar hukumar La Nkwantanang-Madina na ɗauke da mutum fiye da 200,000, kasuwarta kuma na cikin manyan kasuwannin birnin, inda albasar Nijar da tumatirin Burkina Faso ke ƙarewa bayan sun ƙetare iyakoki. To amma yaron da aka ɗauko a kafaɗa ranar waccan ƙaura yanzu ya doshi shekara 70. Waɗanda suka riƙe gatari kuwa, kaɗan ne suka rage, in ma akwai.

Baƙon da ya sauka tashar Madina ko kasuwar Nima ya ce yana son sanin yadda aka kafa unguwar, abin da za a yi masa shi ne a haɗa shi da yaro ya kai shi gidan wani dattijo. In ya taki sa'a dattijon na da lafiya, zai janyo adaka daga ƙarƙashin gado ya fito da takardun fili, da tsohon fasfo, da hotunan da suka fara dusashewa, da wasiƙun ajami da aka aiko daga Kano ko Sakkwato. Nan ne gidan tarihin Zango yake, kuma mabuɗinsa a aljihun mutum ɗaya. Ranar da Allah Ya karɓi abinsa, magada kan raba abin da suke ganin dukiya ne, a share ɗaki a sa ɗan haya, adakar kuma ta koma hannun masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Wani zai ce to mene ne ruwan ɗan kasuwa da tsofaffin takardu? Idan mai karatu bai manta ba, ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice daga Ghana. Dubban mutanen Zango, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Ankara da Kumasi, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da wasunsu ba su taɓa gani ba. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi irin wannan kora a Nijeriya, wadda ta bar mana sunan jakar nan ta Ghana Must Go da ake jibgewa a kowace tasha daga Aflao har Jibiya. Har gobe ɗan Zango mai suna Garba ko Hamidu kan gamu da tambayar "daga ina kakanka ya zo?" in ya je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo. Amsar wannan tambaya tana cikin adaka.

Kuma amsa ce mai ƙarfi. Malam Neno, malami mutumin Katsina, ya samu filin da aka kira Zangon Malam a tsakiyar Ankara tun 1881. Ɗansa Malam Baƙo shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, a filin da ya samu daga sarakunan ƙabilar Ga. Nima kuwa Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya karɓi filinta daga gidan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930. Wato dai akwai gidaje a waɗannan unguwanni da suka girmi ƙasar Ghana kanta, wadda ta samu 'yanci a 1957. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, a Ankara mahaifiyarsa ta zauna, daga wannan gaɓar teku kuma ya riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko kafin ya koma Kano ya zama attajirin da kowa ya sani. Yara nawa ne a makarantun Maamobi suka taɓa jin wannan?

Abin da Legon ta yi

Abin mamaki shi ne, dabarar da za ta fitar da mu tana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna a mota daga kasuwar Madina. A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai Cibiyar Nazarin Afirka, wadda aka kafa a 1961, Shugaba Kwame Nkrumah kuma ya buɗe ta a hukumance a Oktoba 1963. A waɗancan shekaru, ƙarƙashin shugabancin Thomas Hodgkin, masanin tarihi Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo suka shiga garuruwan arewacin Ghana da zanguna suna neman rubuce-rubucen Larabci da ajami. Sun san malami ba zai rabu da kundin da ya gada ba, don haka ba su ce a sayar musu ba. Aro suke yi, su kai Legon a ɗauki hoton kowane shafi, sannan a mayar wa mai abu abinsa. Da wannan hanya aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce, har kwafinsu ya kai Jami'ar Northwestern a Amurka.

Da yawa daga ciki na Alhaji Umaru ne na Kete Krachi, Allah Ya jiƙansa. Haifaffen Kano ne, ya biyo hanyar fatake zuwa Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, shi kuma ya ƙarasa rayuwarsa a Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Tun yana saurayi ya rubuta littafin koyar da yadda ake tsara wasiƙa, abin da fatake ke matuƙar buƙata a zamanin da saƙon bashi da na farashi ke tafiya a gafaka. Bayan an gina madatsar ruwa ta Akosombo a shekarun 1960, tafkin Volta ya cinye mafi yawan tsohon garin Kete Krachi. Garin ya nutse, rubutun malam yana nan, saboda an kwafa.

Sai dai a ganina aikin Legon rabi ne. Takardun sun tsira, amma sun tsira ne a inda mai sayar da waake da shinkafa a Nima ba za ta taɓa shiga ba. Ɗalibin digiri daga Turai ya fi jikan mai kundin sanin lambar da aka ba shi a ma'ajiya. Abin da ya rage shi ne ɗaki a cikin unguwa, ko da ciki biyu ne, inda za a rataya kwafin a bango da bayani cikin Hausa da Turanci, a bar ƙofa buɗe.

Buɗe ƙofa ba wuya, riƙe ta ne aiki

Gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Barnes an buɗe shi ranar 5 ga Maris 1957, jajibirin samun 'yanci. A 2015 aka rufe shi domin gyara, bai sake buɗewa ba sai a Yunin 2022. Shekara bakwai ke nan, yaro ya shiga firamare ya fita bai taka wurin ba. In gidan da gwamnati ke ɗauke da shi zai yi irin wannan dogon suma, to wanda unguwa za ta kafa sai an yi masa lissafi irin na rumfa: nawa ne haya, nawa ne wuta, wa zai buɗe da safe, wa zai biya shi a ƙarshen wata.

Wanda ya taɓa sauka Yamai ya san gidan tarihi na Boubou Hama, da aka kafa a 1959, shekarar da aka kafa Madina. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, akwai busasshiyar bishiyar Tenere da mota ta kaɓe a 1973, akwai gidan namun daji. Amma abin da ya fi jan hankalina a tsarinsa shi ne masu sana'a. Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna zaune a cikin harabar suna aikinsu suna sayarwa, yara kuma na koyon sana'a. Saboda haka wurin bai zama maƙabartar kaya ba. Mutum na shiga don sayen takalmi ya fito ya ga tarihin ƙasarsa. Gidan Makama na Kano, wanda aka gina tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, shi ma abin da ke raya shi ayarin 'yan makaranta ne da masu zuwa kallon hawan Sallah, tunda ga shi dab da fada.

A nan gida ma akwai misali. Ɗakin karatu na yara da ke Nima da Maamobi, wanda gidauniyar Osu Children's Library Fund ta Kathy Knowles, 'yar ƙasar Kanada, ta gina tun ƙarshen shekarun 1990, ya daɗe ne saboda an raba nauyi tun farko: gidauniya ta yi gini ta kawo littattafai, hukumar birni ta ɗauki albashin ma'aikata. Kuma ba a tsaya ga littafi ba, an haɗa da ajin yaƙi da jahilci na manya da wasan kwaikwayo. Su ma matasan masu zane na ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art sun nuna cewa bangon titi kan iya ɗaukar labarin unguwa. Majalisar dokokin Ghana ta amince da dokar Asusun Raya Zango a 2017, amma duk wanda ya zauna jiran kuɗin gwamnati kafin ya fara, ya san yadda jiran yake. Harajin da ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan shanu da 'yan goro ke karɓa a kan kowane lodi ya fi tabbas, in shugabanninsu suka yarda a ware wani abu.

Akwai wata matsala da ba a cika son faɗa ba. Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne, ko da yake Hausa ce harshen ciniki da na wa'azi. Akwai Yarabawa da Fulani da Zabarmawa da Mosi da Dagomba da Kotokoli da Wangarawa, kowa da sarkinsa, kowa kuma na da labarin wanda ya riga zuwa. Ranar da aka rataya hoton sarki ɗaya a zaure aka bar na wani a lungu, ranar gidan ya zama na ɓangare. Haka nan takardar fili: abin da wani ke kallo a matsayin tarihi, wani hujjar shari'a yake gani, domin rigingimun fili a Ankara kan shekara da shekaru a kotu. Don haka kwamitin da zai riƙe wurin dole ya haɗa kowace ƙabila, da mata, waɗanda su ne ke riƙe da kasuwa kuma su suka fi sanin wa ya auri wa, sannan a rubuta ƙa'ida cewa ba a nuna takardar kowa sai da izinin gidansu.

Ita kanta maganar aro sai da littafi. Duk abin da ya shigo a ba shi lamba, a rubuta sunan mai shi da ranar karɓa da ranar mayarwa, a sa hannu gaban shaidu biyu kamar yadda ake yi wa bashi. Ba ƙasƙanci ba ne gidan tarihi ya rayu da kayan aro. A Mayun 2024 gidan tarihi na fadar Manhyia a Kumasi ya baje kayan zinariya da azurfa 32 na sarakunan Asante da aka kwashe zuwa Ingila tun ƙarni na 19, kuma aro aka ba su na shekara uku, alhali kayan kakanninsu ne. Mu namu ba su bar gida ba tukuna.

Ku 'yan kasuwar kan iyaka, kayan da irin wannan ɗaki ke buƙata suna hannunku. Tsohon sikeli da duwatsunsa, mudun da aka daina awo da shi, kwandon goro, rasit ɗin kwastan na Paga ko Birnin Ƙonni, littafin bashin mahaifi da aka rubuta da ajami, takardun sidi na kafin 2007 lokacin da aka mayar da 10,000 ta zama sidi ɗaya, fam da sulallan da aka daina karɓa a Nijeriya bayan zuwan naira a 1973. Da waɗannan za a iya nuna wa yaro yadda ayarin jakuna ke tashi daga Kano ya bi ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi ya yi watanni kafin ya isa Salaga, da yadda bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 goro ya juya ya fara bin teku. Daren Juma'a guda a wata, a zaunar da tsohon direban babbar mota ko tsohuwar 'yar kasuwar Makola da ta ga rusau ɗin 1979, a ɗauki muryarsu, gidajen rediyon unguwa su sa a iska.

Kafin a samu ɗakin, abokan gabar adaka ba sa jira: gara, da laima, da ruwa, da wuta. Ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ta shiga ɗakuna da yawa a Ankara, gobarar kasuwar Kantamanto ta Janairun 2025 kuma ta nuna abin da dare ɗaya ke iya yi. Mai adaka ya ɗaga ta daga ƙasa ya ɗora a kan benci, nesa da bango. Ya fitar da takardu daga leda, domin leda na riƙe gumi, ya sa su tsakanin farar takarda. Kada a manna musu salatif, kada kuma a kai su a liƙe da roba mai zafi, don ba ta ɓaruwa. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a hasken rana, a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa daban-daban. Hotunan mutane kuwa, a zauna da tsohuwar gida tun tana gani, ta faɗi sunan kowa da garin da ya fito, a rubuta a bayan hoton da fensir, domin biro na huda takarda.