Aikin da Ba a Tallata Ba, Wa Ke Kawo Labarinsa?

Ranar 15 ga Maris, 2014, matasa suka yi dafifi a filayen wasa na Abuja da Fatakwal da wasu garuruwa domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice ta Najeriya. Kowannensu ya biya Naira 1,000. Masu neman sun haura rabin miliyan, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba, kuma turmutsitsin ranar ya ci rayukan mutum fiye da goma. Haka aikin da aka yi wa shela yake: kowa ya ji, kowa ya zo.

Amma akwai guraben da ake cikewa ba tare da an buga su a jarida ko intanet ba. Mai shago a Kantin Kwari da ke neman wanda zai riƙe masa lissafi, ko mai makaranta da malamin Turancinsa ya ajiye aiki a tsakiyar zango, ba su da lokacin tantance takardu ɗari. Tambaya suke yi: "Ka san wani yaro mai amana?" Wanda aka ambaci sunansa a wannan lokaci shi ne ya samu.

To, wa ke ambatar sunan? Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya bi diddigin wannan tambaya. Ya tattauna da ƙwararrun ma'aikata a garin Newton, kusa da Boston, ya fitar da sakamakon a wata maƙala a 1973 da kuma littafi a 1974. Kimanin kashi 56 cikin 100 na mutanen sun sami aikinsu ne ta hannun wani da suka sani. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, galibin waɗanda suka kawo labarin ba aminai ba ne. Mutane ne da ake haɗuwa da su jefi-jefi, kamar tsohon abokin karatu ko wanda aka taɓa aiki tare shekarun baya.

Dalilin a fili yake idan aka duba majalisar da matashi ke zama kullum bayan la'asar. Abokansa unguwarsu ɗaya, makarantarsu ɗaya, mutanen da suka sani su ne ya sani. Labarin da ke kunnensu yana kunnensa tun jiya. Suna ƙaunarsa, amma ba su da sabon abin gaya masa. Shi kuwa wanda kuka yi bautar ƙasa tare a Inugu, yanzu yana wani kamfani a Legas, yana jin abin da ba zai taɓa isowa majalisarku ba sai ta bakinsa. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a dandalin LinkedIn kan mutum fiye da miliyan 20 cikin shekara biyar, ya kuma ƙarfafa wannan ra'ayi, tare da gyara ɗaya: sanayyar da ta fi kawo aiki ita ce ta tsaka-tsaki, ba aminci na ƙut-da-ƙut ba, ba kuma gaisuwar hanya kawai ba.

A nan ne, a ganina, matasanmu ke asara. Mu da muke da ɗaurin aure da suna da ta'aziyya kusan kowane mako, ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai cike da WhatsApp, amma sai kunya ta hana mutum faɗin abin da ya iya. Wani kuma ba ya neman kowa sai ranar buƙata, ya aika da saƙo: "Ranka ya daɗe, a taimaka min da kowane irin aiki." Wanda aka roƙa haka bai san inda zai kai sunanka ba. Da ka ce ka karanci harkar lissafin kuɗi, ka yi shekara guda kana riƙe littafin wani kamfanin shinkafa, da maganar ta zauna masa a rai. Kuma zumunci a ƙafa yake. Gaisuwar da aka saba yi tun babu buƙata ita ke sa a tuna da mutum. Wanda zai tsaya maka mutuncinsa yake jinginarwa, don haka sai ya ga aikinka tukuna, ko da na sa-kai ne.

Sai dai kada a haɗa wannan da cuwa-cuwar guraben gwamnati. Mai kamfani yana da ikon ɗaukar wanda ya yarda da shi, amma aikin gwamnati haƙƙin kowa ne, kuma ƙa'idar Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai ta Tarayya ita ce a tallata guraben a jaridun ƙasa. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki zargin sayar da irin waɗannan gurabe a ɓoye. Wannan zalunci ne ga ɗan talakan da ba shi da uwa a gindin murhu. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka takardar kama aiki, ka guje shi.

Ku kuma manya da Allah ya ɗaukaka a wuraren aiki, idan kun ji labarin gurbi, kada ya tsaya a kan 'ya'yanku da na ƙannenku. Ku isar da shi ga yaron maƙwabta da ya kammala karatu yana zaune, ba shi da wanda zai faɗa masa.