Finafinan Ƙananan Ƙasashen Turai: Daɗinsu Da Cikas Ɗinsu

A duk lokacin da aka ambaci fim ɗin Turawa, abin da kan faɗo wa yawancin masu kallo a rai shi ne na Amurka mai cike da harbe-harbe da tseren motoci, ko kuwa na Ingila irin na James Bond. Alhali kuwa akwai ƙananan ƙasashe da dama a nahiyar Turai waɗanda suka daɗe suna shirya finafinai da harsunansu, sai dai ba safai labarinsu kan ƙetare iyakokinsu ba. Wanda yake son ya gane abin da ke jan hankali a irin waɗannan finafinai, da kuma abin da ke hana su yaɗuwa, to, ya dubi na Cekoslobakiya, ƙasar da ta rabu biyu ranar 1 ga Janairu, 1993, ta zama Jamhuriyar Cek da Silobakiya. Tsakanin 1963 da 1969 wannan ƙasa mai mutane wajen miliyan 14 ta fitar da finafinan da har yau ake koyar da su a makarantun fim na duniya, amma ɗaiɗaikun mutane ne a wajen Turai suka taɓa ganinsu.

Yadda Aka Faro

A cikin watan Agusta na 1945 gwamnatin ƙasar ta mayar da duk sana'ar fim ƙarƙashin ikonta, kuma a 1946 aka buɗe makarantar koyon fim mai suna FAMU a Prag, babban birnin ƙasar. 'Yan kwaminis suka karɓi mulki a 1948, finafinai suka koma yabon jam'iyya da ma'aikatan masana'antu. Da aka shiga shekarun 1960, sai mahukunta suka ɗan sassauta, daidai lokacin da wasu matasa, irin su Milos Forman da Jiri Menzel da Vera Chytilova da Jan Nemec, suka fito daga waccan makaranta. Hukuma ce ke biyan kuɗin kowane fim, ita ce kuma ke da babban ɗakin ɗaukar hoto na Barrandov, saboda haka matasan nan ba su da fargabar ko fim zai mayar da kuɗinsa. Abin da ya rage musu shi ne yadda za su tsallake ma'aikatan tace finafinai.

Labarin Ƙaramin Mutum

Abu na farko da ke jan hankalin mai kallo shi ne, babu jarumin da zai doke mutum goma shi kaɗai. Mutanen cikin finafinan talakawa ne masu tsoro da kwaɗayi da jin kunya kamar kowa. Alal misali, fim ɗin Obchod na korze, watau Kantin Bakin Babban Titi, wanda Jan Kadar da Elmar Klos suka shirya a 1965, labarin wani kafinta ne matalauci a wani ƙaramin gari na Silobakiya a 1942. Dokar lokacin ta ƙwace dukiyar Yahudawa, aka ba shi riƙon kantin wata tsohuwa Bayahudiya mai sayar da maɓallai, wadda ba ta ji sosai, ta kuma ɗauka yaron kanti aka kawo mata. Shaƙuwa ta shiga tsakaninsu. Ranar da aka zo kwashe Yahudawan garin, sai tsoro ya kama shi, ya rasa ko ya ɓoye ta ko ya miƙa ta. A ƙarshe ya tura ta cikin wani ɗan ƙuryar ɗaki da ƙarfi, ta mutu, shi kuma ya rataye kansa. Fim ɗin ya nuna yadda zalunci kan samu gindin zama ta hannun mutanen da ba mugaye ba ne, tsoro kawai ya fi ƙarfinsu. Ya ci lambar Oscar ta finafinan harsunan waje a 1966, kuma bayan shekara biyu fim ɗin Jiri Menzel a kan wani saurayi ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a zamanin mamayar Jamus ya sake ciyo wa ƙasar wannan lamba.

Magana A Zaurance

Abu na biyu shi ne gwanintar habaici. Tun da ba dama a soki gwamnati ƙiri-ƙiri, sai suka koma hannunka-mai-sanda. A 1967 Milos Forman ya shirya fim a kan bikin rawar 'yan kwana-kwana na wani ƙaramin gari, kuma mafi yawan 'yan wasansa ba ƙwararru ba ne, mutanen garin Vrchlabi ne, har da ainihin 'yan kwana-kwanan. An tara kayan da za a raba ta hanyar ƙuri'a, amma kafin dare ya raba mahalarta sun sace su ɗaya bayan ɗaya. Aka kashe fitilu don ɓarayin su mayar da kayan ba tare da jin kunya ba. Da aka kunna, sai aka tarar abin da ya rage ma ya tafi. Mutum ɗaya da aka gani yana mayar da abin da matarsa ta ɗauka, shi ne wani abokin aikinsa ya zarga da zubar wa ƙungiya mutunci. Ana cikin haka gidan wani tsoho ya kama wuta, motar kashe gobara ta maƙale a ƙanƙara, abin da kawai aka iya yi masa shi ne a matso da kujerarsa kusa da wutar don kada sanyi ya kama shi. Ba a ambaci jam'iyya ko sau ɗaya ba, amma kowane ɗan ƙasa ya gane kwamitin da ake nufi.

Akwai biyu da za su fi taɓa ma'aikatan gwamnati da ɗalibai. Fim ɗin Zert, watau Barkwanci, na Jaromil Jires, wanda aka ɗauko daga littafin Milan Kundera, labarin ɗalibi ne da ya aika wa budurwarsa kati da 'yar zolaya a kan siyasa. Abokan karatunsa suka ɗaga hannu aka kore shi daga jami'a da jam'iyya, aka tura shi aikin horo a rundunar soja. Shi kuwa Ucho, watau Kunne, na Karel Kachyna, yana nuna dare ɗaya a gidan wani mataimakin minista da ya dawo daga liyafa ya tarar ba wuta, tarho ba ya aiki, ga kuma labarin an kama maigidansa. Ya kwana yana ƙone takardu, shi da matarsa suna tono na'urorin satar magana a kowane lungu. Da gari ya waye aka bugo masa waya cewa an naɗa shi minista, kuma wannan albishir bai rage musu tsoro ko kaɗan ba.

Inda Suka Gaza

To, sai dai inda ƙarfinsu yake, nan ne kuma rauninsu yake. Zaurance sai mai shi. Baƙon da bai san tarihin ƙasar ba zai iya kallon bikin 'yan kwana-kwana daga farko har ƙarshe, ya tashi da cewa shirme ne na tsofaffi mashaya. Fim ɗin Sedmikrasky na Vera Chytilova, na 1966, wanda 'yan mata biyu ke ɓarnata abinci da yaudarar tsofaffin maza a cikinsa, ba shi da labari mai kai da gindi, kuma masana har yau ba su daidaita a kan ma'anarsa ba. Haka nan Marketa Lazarova na Frantisek Vlacil, wanda masu sharhi na ƙasar suka zaɓa a 1998 a matsayin fim ɗin Cek mafi inganci, ya haura awa biyu da rabi, yana kuma tsalle daga wannan lokaci zuwa wancan har mai kallo ya rasa wanda ke faɗa da wane.

Bugu da ƙari, tafiyarsu a hankali take, yawancinsu baƙi da fari ne, ƙarshensu kuma sau da yawa baƙin ciki ne ko shiru, ba tare da an hukunta mugu ba. Harshe ma cikas ne: dole mai kallo ya riƙa karanta fassara a ƙasan allo, kuma barkwancin da ya dogara da karin harshe kan mutu a fassara. Har wa yau, wasunsu suna ɗauke da tsiraici da shaye-shaye, ba irin waɗanda za a zauna kallo da iyali ba ne, kuma in aka cire aikin Chytilova, mace ba ta cika wuce abin kallo ko abin zolaya a cikinsu ba.

Ladan Kuturu

Babban rauninsu kuwa ba a kan allo yake ba, yana ga inda kuɗin ke fitowa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A daren 20 ga Agusta, 1968, sojojin Tarayyar Sobiyet da na ƙawayenta suka mamaye ƙasar don murƙushe sauye-sauyen Alexander Dubcek, kuma cikin shekara biyu hukumar da ta raini masu fim ta rufe musu ƙofa. Aka kulle finafinai da dama a ma'ajiya. Ucho, wanda aka gama a 1970, bai fito ba sai 1990. Skrivanci na niti na Menzel, wanda aka ɗauka a 1969, shi ma sai a 1990 ya fito, ya kuma samu babbar lambar bikin finafinai na Balin a shekarar. Chytilova ta yi shekaru ba a ba ta aiki ba. Forman ya koma Amurka, inda fim ɗinsa One Flew Over the Cuckoo's Nest na 1975 ya ci Oscar 5, Amadeus na 1984 kuma ya ci 8. Duniya ta fi saninsa ne bayan ya koma aiki da Ingilishi da kuɗin Amurka, abin da ke nuna cewa rashin kasuwa da masu rarrabawa, ba rashin basira ba, shi ke binne finafinan ƙananan ƙasashe.

Manyan masu wannan aiki sun riga mu gidan gaskiya: Chytilova a 2014, Nemec a 2016, Forman a 2018, Menzel a 2020. Amma an gyara da yawa daga finafinansu da na'urorin zamani, ana kuma samunsu a faifai da intanet tare da fassarar Ingilishi. Mai son gwadawa zai fi kyau ya fara da Kantin Bakin Babban Titi ko Kunne, waɗanda labarinsu a miƙe yake, ya kuma ɗan karanta tarihin ƙasar daga 1938 zuwa 1968 kafin ya zauna. Wanda ya yi wannan ɗan ƙoƙari zai ga yadda tsoro da kwaɗayin muƙami ke sarrafa mutum a ofis da makaranta, abin da finafinan harbe-harbe ba su damu da nunawa ba.