Ba Kullum Bairos Ba Ne: Abin da Ke Riƙe Kwamfuta Kafin Ta Tashi

A shagunan buga takardu na Gumel da Maigatari, har zuwa Gagarawa, Sule Tankarkar da Ɗanzomo, magana ɗaya ake ji da zarar kwamfuta ta fara jan ƙafa wajen tashi: "Bairos ne, a yi mata fomatin." Sai a goge komai. Aikin kammala karatu na ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel ya tafi, hotunan biki su tafi, lissafin ɗan kasuwa ya bi su. Washegari a kunna ta, ta tsaya cik a inda ta saba tsayawa. Wannan asara tana ci mini rai, domin sau da yawa laifin na wata 'yar siririyar waya ne a cikin akwatin.

Kafin a yanke hukunci, a zuba wa allon ido a ga inda jinkirin yake. Idan an danna makunni, ba Windows ke fara tashi ba. Akwai ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin bod, wato babban allon lantarki na cikin kwamfutar, ana kiranta BIOS, ita ke fara farkawa, ta yi kiran suna kamar malami a aji: RAM, madannai, faifan ajiya da masu gyara ke kira had dis, da na'urar DVD. Wanda ya amsa, ta wuce. Wanda ya yi shiru, ta tsaya jiransa, wani lokaci kusan rabin minti, kafin ta haƙura. To, idan kwamfutarka tana daɗewa a kan tambarin HP ko Dell, ko a kan baƙin allo, kafin ɗigogin Windows masu juyawa su bayyana, Windows bai ma shigo fili ba tukuna. Bairos irin wanda filash ke yawo da shi daga shago zuwa shago a cikin Windows yake aiki, saboda haka ba shi ya riƙe ta a nan ba, kuma fomatin ba zai yi maganin komai ba. Idan kuwa tambarin ya wuce da sauri, sai bayan Windows ya bayyana nauyin ya zo, a nan ne zancen bairos, ƙarancin RAM da cunkoson manhajoji ke da ƙamshin gaskiya.

Masu cewa fina-finai da hotuna sun yi mata yawa shi ya sa ba ta tashi, su ma ba su gano ba. BIOS ba ruwanta da abin da ke cikin faifan a lokacin kiran suna, amsarsa kawai take so.

Amma masu ɗora laifi a kan ƙura da hanya suna da gaskiya. Ƙurar hunturu tana shiga bakin wayoyi ta kwanta. Kwamfutar tebur da aka sayo ta gwanjo a Kano, aka ɗaura a bayan mota ko babur har gida, ta sha girgizar da za ta sassauta wayarta. Faifan zamani, wanda ake kira SATA, wayoyi biyu ke shiga jikinsa: siririya mai haƙora 7 ta ɗaukar bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. Ɗaya ta ɗan goce, faifan ya riƙa amsawa yau, gobe ya yi shiru. Tsofaffin kwamfutoci masu faffaɗar waya mai ramuka 40, wato IDE, suna da tasu rigimar. Faifai biyu na iya raba waya ɗaya, kuma akwai ɗan mitsitsin roba a bayan kowanne da ke nuna wanne ne babba, wanne ne mabiyi. Idan aka sa shi ba daidai ba, BIOS za ta yi ta jiran faifan da babu shi. Haka ma na'urar DVD da ta mutu tuntuni amma aka bar ta a jone: kullum sai an kira ta, kullum sai an jira ta.

Zancen wutar janareta ma ba ƙarya ba ne. Wuta mai hawa da sauka tana gajiyar da akwatin rarraba wuta na cikin kwamfutar, har ya kasa juya faifan a kan lokaci.

Akwai kuma masu dukan gefen akwatin da tafin hannu, suna rantsuwa yana aiki. Yana iya aiki sau ɗaya, idan dukan ya mayar da wayar da ta goce. Sai dai faifan nan yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, allurar karatunsa tana shawagi dab da fuskarsa. Duka ɗaya na iya sa ta kankare shi. Don Allah a daina.

Abin yi ba shi da wuya. A zare filash da duk abin da ke jone ta USB, a sake kunnawa, domin BIOS kan tsaya neman Windows a cikinsu. Idan bai yi ba, a shiga BIOS, yawanci da F10 a HP, F2 a Dell, a duba ko sunan faifan ya fito. A duba kwanan wata ma: idan ya koma shekarun baya, batirin bod mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, saitin yana gogewa. Daga nan a cire wuta daga bango, a buɗe akwatin, a hure ƙura, a zare wayoyin a mayar da kyau, a cire ta DVD gaba ɗaya, a gwada wata wayar SATA daban.

Idan aka ji faifan yana ƙas-ƙas, a dakatar da duk wani gwaji, a fara kwashe bayanan zuwa wani wuri, domin faifan ne da kansa ke kan hanyar mutuwa. A nan ne sayen SSD, wato faifan ajiya da ba ya juyawa, ke da ma'ana, kuma lallai yana sa Windows ya tashi da sauri. Amma SSD irin na SATA wayar da tsohon faifan ya bari zai gada, don haka a sa masa sabuwa tun ranar farko.